Ranar da Shanu Suka Riga Motoci Hawa Gadar Sojoji

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma abin da ya faru a bakin wani rafi da ke kan hanyar Kuyello, a daminar da na gama bautar ƙasa, ba ya cikinsu. Wannan kam ina jin ko tsufa ya kwashe mini komai, shi zai bari.

A lokacin ina zaune a gidanmu a cikin Birnin Gwari. Digirina na injiniyan hanyoyi da gine-gine yana cikin akwati ƙarƙashin zannuwa, ni kuma ina taya Umma wanke-wanke da tsintar shinkafa. Baba ɗan kasuwar hatsi ne, yana sayen masara da dawa daga ƙauyuka yana kaiwa Kaduna da Funtuwa. Bai yi boko ba, amma shi ya tsaya tsayin daka sai da na yi. Tun ranar da na shiga jami'a ya daina kiran sunana, sai dai Injiniya, musamman idan akwai baƙi a zaure.

Abin da nake so a raina kuwa shi ne aikin injiniya tare da sojoji. Wata da ta girme mu a sashenmu na gani ta dawo karɓar takardarta cikin kaki, tana ba mu labarin rijiyoyin burtsatse da gadojin da suke yi a wuraren da 'yan kwangila ke tsoron zuwa. Tun daga nan abin ya shiga raina. Sau ɗaya na taɓa furtawa a gida. Umma ta ajiye tiren da ke hannunta ta shige ɗaki, Baba kuma ya ce a bar wannan magana. Ban ga laifinsu ba. A garinmu idan an ce soja, abin da ke zuwa ran mutum shi ne motocin da ke shiga daji da safe ana yi musu addu'a, ba a san su waye za su dawo ba. Ni ma kuma ban san ainihin abin da ake nema ba. Wannan ya ce sai kana da babban mutum a sama, wancan ya ce ba sa ɗaukar mata daga irin garinmu, wata ta rantse mini ai sai an aske wa mace kai ƙwal. Kowa da nasa, kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa zuwa ko bakin ƙofar wurin.

Ana cikin haka aka yi wani ruwa mai ƙarfi a tsakiyar damina, ya tafi da kwalbatin da ke kan rafin nan gaba ɗaya. Ƙauyukan da ke tsallake suka yanke da gari. Takin zamani ya kasa shiga, tsohuwar masarar da ke rumbuna ta kasa fitowa, mara lafiya sai dai majiya ƙarfi su saɓa shi a kafaɗa su ratsa ruwa da shi idan ya ɗan janye. Su ma sojojin da ke sintiri a yankin hanyar tasu ce, saboda haka ba a daɗe ba aka turo injiniyoyinsu da manyan motoci cike da ƙarafa. Hakimi ya roƙi Baba ya tara musu leburori, tunda shi ya san mutanen ƙauyukan kuma suna jin maganarsa. Kullum da safe sai ya tafi, ya dawo da yamma yana ba mu labarin yadda ake harhaɗa gada kamar masu haɗa gadon amarya, wannan ƙarfen a jona da wancan, a buga ƙusa mai kaurin damtse. Na yi ta roƙonsa ya tafi da ni in gani. Ya ja, ya ja, daga baya son a san 'yarsa injiniya ce ya rinjaye shi.

Shugaban aikin wani Manjo ne, gajere, furfura ta fara fito masa a gefen kai. Hausarsa da ɗan gauraye, da ji ka san Gbagyi ne yaren da ya sha a nono. Baba ya gabatar da ni da muryar da duk leburorin sai da suka ji: "Yallaɓai, wannan 'yata ce, ita ma injiniya ce." Na so ƙasa ta tsage in shige. Manjo bai yi dariya ba. Ya tambaye ni abin da na karanta, sannan ya nuna mini gaɓar rafin ta nan da ta can, ya ce in faɗa masa wadda za ta fi ba su wahala. Na ce ta can, don ta fi tsayi kuma ruwa ya cinye ƙasanta. Ya ce na yi daidai, amma da saura. Ya sa na ɗebo ƙasar inda muke tsaye na murza a hannuna, sai ga ta tana santsi kamar sabulu. Ya ce to wannan ma sai sun yi mata dabara, don yumɓu ne, idan ya sha ruwa ba ya riƙe nauyi. Daga nan ya sa aka ba ni hular kwano, ya ce muddin Alhaji zai riƙa zuwa da ni, in zo in riƙa taya sajensa duba na'urar awo.

Haka na ɗora hular kwano a kan hijabi na shiga aiki. Baba yakan zauna ƙarƙashin wata ɗorawa inda zai riƙa hango ni, yana sasanta leburori yana jan carbi. Ni kuwa duk abin da na karanta a allo sai ga shi a gabana yana da nauyi da zafi da laka. Gadar irin ta wucin gadi ce, ana harhaɗa ta a wannan gefen, a ɗora ta kan wasu ƙarafa masu juyawa, a riƙa tura ta a hankali har hancinta ya taɓa wancan gefen. Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar na waɗannan kwanaki ba, duk da cewa kullum da ciwon baya nake komawa gida.

Wata rana muna hutun azahar a gindin ɗorawar, an kawo dafaffiyar masara ana ci, Baba ya dubi Manjo ya tambaye shi, wai idan mutum yana sha'awar irin aikinsu me ake nema a wajensa. Na san Baba. Ba don ya taimake ni ya yi tambayar ba, so yake in ji da kunnena cewa abin ya fi ƙarfina, in haƙura ba tare da shi ya hana ni ba.

Manjo ya ajiye totuwar da ke hannunsa ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce farko dai karatu: sai mutum ya yi digiri a fannin injiniya da sakamako mai kyau, ko babbar difloma mai daraja, daga makarantar da gwamnati ta amince da kwas ɗinta. Ya ce har sakamakon sakandare ana dubawa, musamman lissafi da Turanci da darussan kimiyya. Sai takardar gama bautar ƙasa, da rajista da hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, da shaidar haihuwa da ta ƙaramar hukumar mutum, da mutanen kirki da za su tsaya masa su ce sun san halinsa. Akwai iyakar shekaru, idan ka wuce ka wuce, kuma dole a ce kotu ba ta taɓa kama mutum da laifi ba. Bayan takardu sai jiki. Za a auna tsayi, a sa mutum gudu, likitoci su duba shi tun daga ido har tafin ƙafa. Sannan jarrabawa, sannan a zauna gaban manyan hafsoshi su yi ta tambaya. Wanda ya tsallake duk wannan sai a kai shi horo na watanni, inda zai manta cewa shi injiniya ne kafin a sake tuna masa.

Baba ya yi ta gyaɗa kai cikin gamsuwa, kamar wanda ya sayi kaya da araha. Ya tambaya ko gaskiya ne sai da babban mutum. Manjo ya ce shi dai ɗan manomin doya ne, babban mutumin da ya sani a lokacin shi ne hedimasta ɗin ƙauyensu. Ya ce kuma duk wanda ya ce a ba shi wani abu zai samo wa mutum gurbi, ɓarawo ne. Sannan ya ƙara da cewa, "Akwai wani sharaɗin kuma, Alhaji, amma shi ba a rubuta shi. Sai aiki ya rikice ake ganin wanda yake da shi."

Ni dai ina gefe ina lissafi a zuciyata. Digiri ina da shi, bautar ƙasa na gama, shekaruna ba su wuce ba amma sun fara matsowa. Rajista ban yi ba. Gudu kuwa, rabona da shi tun firamare. Ga tabarau a idona wanda ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba sai a ranar. Abin mamaki, maimakon jikina ya yi sanyi, sai na ji sauƙi. Karon farko ke nan da abin ya tashi daga jita-jita ya zama abubuwan da mutum zai iya kamawa ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da nake son ba da labarinta ta zo ana dab da gama aiki. An riga an tura gadar ta kai tsallake, amma ƙarshenta na can yana ɗage a kan jak, irin ƙarfen nan da ake ɗaga mota da shi, ba a sauke shi kan mazauninsa ba, katakan da ake shimfiɗawa a kai kuma ba a gama ɗaure su ba, ta tsakaninsu kana ganin ruwa yana gudu jajir. Bayan azahar hadari ya haɗu a gabas, rafin kuma tun safe yake ƙaruwa, alamar an yi ruwa a can sama. Sai sojojin da ke gadi a tsallake suka kira Manjo ta oba-oba suka ce ga wasu mutane sun fito daga daji da shanu.

Muka hango su. Mata ne da yara da jakuna ɗauke da ƙwarya da tabarmi, sai 'yan samari kaɗan da ke kora garken shanu. Da suka ga kaki sai suka tsaya cak daga nesa. Sojojin suka yi musu magana, ba wanda ya amsa. Da soja ya matsa sai matan su ja baya su rungume 'ya'yansu. A gefenmu kuma leburori suka fara ƙus-ƙus. Wani ya ce ai irin waɗannan ne ke kai wa ɓarayin daji rahoto, wani ya ce tarko ne, wasu ma suka ajiye shebur suka fara neman baburansu. A garinmu wannan zargin ya daɗe yana cin mutane, kuma kowa yana da wanda ya rasa, saboda haka ba wuya magana ta kama wuta.

Manjo ya tambaya ko akwai mai jin Fulatanci. Akwai maza biyu cikin leburorin da ke ji, amma saje ya ce matan ba za su bari namiji ya matso ba. Ni kuwa kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, a ɗakinta na tashi, da harshenta take yi mini faɗa har ta rasu. Ban san lokacin da na ce ina ji ba.

Manjo ya juya ya dubi Baba. "Alhaji, 'yarka ce. Idan ka ce a'a, magana ta ƙare."

Baba ya dubi gadar, ya dubi ruwan, ya dubi yaran da ke tsallake. Sannan ya ce mini, a hankali, ba da muryar zaure ba, "Ki riƙe ƙarfen da hannu biyu."

Ban taɓa sanin ina tsoron ruwa ba sai da na kai tsakiyar gadar nan. Saje yana gabana, wani soja yana bayana, katakan suna motsi ƙarƙashin ƙafata, ƙarar ruwan ta cika mini kunne. Iskar hadari ta riƙa kaɗa hijabina tana neman rufe mini fuska. Abin da ya taimake ni shi ne na san yadda aka haɗa kowane ƙarfe, da idona na ga an buga kowace ƙusa, saboda haka na riƙa gaya wa kaina cewa gadar ba za ta faɗi ba, ni ce kawai nake tsoro.

Da na sauka na cire hular kwanon na riƙe a hannu, na nufi wata tsohuwa doguwa da na lura duk ita suke kallo. Na durƙusa na gaishe ta da Fulatanci, na kira ta Dada kamar yadda muke kiran kakata. Ta ƙura mini ido, ta tambaye ni 'yar wace ce ni. Na faɗa mata zuriyar kakata da rugar da ta fito. Ba ta san ta ba, amma ta san wurin. Sai ta zauna a ƙasa kamar wadda ƙafafunta suka gaji da ɗaukarta, ta ba ni labari. 'Yan bindiga ne suka faɗa wa rugarsu, suka kore fiye da rabin shanun, suka tafi da ɗanta na fari. Sauran mazan sun tsaya baya suna neman waɗanda suka ɓata, su kuma aka ce su yi gaba da abin da ya rage. Tun jiya suke tafiya, kuma suna jin ƙarar babura a bayansu lokaci-lokaci. Ta ce sun zo ne su ratsa rafin inda suka saba ratsawa, suka tarar ya cika.

Na mayar wa Manjo da bayanin ta oba-oba. Ya ce ba za a bar su su kwana tsakanin ruwa da daji ba. Amma gadar da ke kan jak ba ta son nauyi mai motsi, idan garke ya hau gaba ɗaya ya tsorata ya karkata gefe guda, za ta iya zamewa da su. Ya ce za su cusa katakai masu kauri ƙarƙashin ƙarshen gadar su tallafe ta, mutane su fara wucewa, shanun kuma a riƙa shigo da su kaɗan-kaɗan. Ya ɗora mini abu biyu. In fahimtar da matan, kuma in tsaya a bakin gadar da na'urar awo, idan na ga ta sauka ko ta gota ko da kaɗan ne in ɗaga hannu a tsaya.

Da na yi wa tsohuwar bayani sai ta girgiza kai. Ta ce shanu ba za su taka inda suke hango ruwa ta ƙarƙashin ƙafarsu ba, kuma ba a raba su yadda aka ga dama, akwai wata tsohuwar saniya da duk suke bi, idan ta hau za su hau. Na faɗa wa Manjo, nan take ya sa aka kwance tamfol daga kan motoci aka shimfiɗa a kan katakan, aka ce a zuba ƙasa da ciyawa a kai. A nan ne na ji muryar Baba daga can gefe, yana kiran leburorin da sunayen iyayensu, yana tambayarsu ko a cikinsu akwai wanda bai taɓa gudu da iyalinsa ba. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗauki shebur da kwanon sarki suka dawo. Ba duka ba, wasu sun riga sun tafi, amma waɗanda suka rage sun isa.

Mata da yara suka fara wucewa, ina riƙe hannun wasu har bakin gadar ina miƙa su ga matan da suka riga su. Sai jakuna. Sannan tsohuwar da kanta ta kama igiyar saniyar nan, wata fara mai karyayyen ƙaho, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Saniyar ta shinshina ƙasar da aka zuba, ta tsaya, ta sake shinshinawa, sannan ta ɗora ƙafa. Samarin suka riƙa tare sauran da sanduna suna sakin 'yan kaɗan a lokaci guda. Ni kuma idona yana cikin na'ura, yayyafi ya fara jiƙa mini tabarau, ina gogewa da gefen hijabi.

Ana tsakiyar haka wani bijimi ya ƙwace ya kutsa, wasu suka biyo shi da yawa. Na ga alamar da nake kallo ta motsa. Nan take na ɗaga hannu na ce a tsaya, da Hausa da Fulatanci a haɗe. Samarin suka tare na baya da ƙyar, waɗanda ke kai suka ƙarasa wucewa. Saje ya duba ƙarƙashi ya tarar katako ɗaya ya fara nutsewa cikin laka, suka ƙara wani suka danne, sannan aka ci gaba. Maraƙi na ƙarshe wani soja ne ya saɓo shi a wuya, uwarsa tana binsa tana kuka. Ba a jima da haka ba ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Da na dawo gefenmu jiƙe sharkaf, tsohuwar ta kama hannuna biyu ta yi mini addu'a mai tsawo. Manjo kuwa cewa kawai ya yi in je in shiga mota kada sanyi ya kama ni. Daga baya na ji ya gaya wa Baba cewa abin da ya ce ba a rubutawa, yau ya gan shi. Hakimi ya ba mutanen wurin zama a bayan gari. Ɗan tsohuwar ban san yadda aka ƙare da shi ba, don kafin kaka sun tashi, kuma har yau idan na tuna ina yi masa addu'a.

Ni da Baba muka kama hanyar gida har muka shigo gari. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wannan rajistar da Manjo ya ce, a ina ake yin ta?"

Shi ya shawo kan Umma, ban san da wace magana ba. Abin da na sani shi ne ita ta ɗinka mini dogon wando da riga mai faɗi na motsa jiki. Kullum bayan sallar asuba sai mu tafi filin makarantar firamare, ina gudu ina haki, Baba yana bina a hankali a kan babur ɗinsa yana cewa in ƙara wani zagayen. Mutanen unguwa suka yi surutu har suka gaji. Na yi rajistar, na haɗa takarduna, da aka buɗe ɗaukar hafsoshi na nema, aka kira ni tantancewa.

Takarduna suka wuce, jarrabawar rubutu na ci, tsayina ya kai da ƙyar, gudun ma na gama cikin lokaci. A wajen gwajin ido aka tsayar da ni. Likitar, wata hafsa mai sanyin magana, ta sake gwada ni don ta tabbatar, sannan ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, idona na hagu bai kai abin da ake buƙata ga mai sa kaki ba. Na yi kuka a gabanta, ban ji kunya ba. Ta bari na gama, sannan ta tambaye ni kakin nake so ko aikin. Ta ce akwai injiniyoyi farar hula da gwamnati ke ɗauka su yi aiki tare da sojoji a sashen ayyuka, karatun da rajistar da halin kirkin duk ɗaya ake nema, amma ba a yi musu irin wannan gwajin jikin. Ban taɓa jin haka ba a duk tambaye-tambayen da na yi.

Ta wannan hanyar na shiga, bayan jira mai ɗan tsawo da wata jarrabawar. Yau shekaru ke nan ina yi. Na yi aikin ruwan sha a barikoki, na yi kwalbatoci da ƙananan gadoji a wuraren da sai da rakiya ake zuwa. Ina fita aiki da atamfata da takalmin aiki, sojoji suna ce mini Injiniya, ina da miji da yara, kuma mafi yawan lokuta a gidana nake kwana. Wani lokacin idan na ga 'yan mata cikin kaki nakan ji wani abu ya ɗan taɓa ni, amma ba ya daɗewa. Umma dai ta ce Allah ne ya ji addu'arta da tawa a lokaci guda, ya raba mana daidai.

Yanzu iyaye kan turo mini 'ya'yansu su tambaye ni abin da ake nema. Nakan zaunar da su in faɗa musu duka tun suna sakandare, daga lissafi har gwajin ido, don kada wani ya tsorata su da jita-jita ko ya cuce su, kuma don su sani cewa hanyar ba ɗaya ba ce. Amma abin da wannan rana ta koya mini ya wuce haka. Takardu su ke sa a saurare ka, kuma dole ne ka neme su da gaske. Sai dai ranar da aiki ya rikice, ba wanda zai tambayi darajar digirinka. Abin da za a nema shi ne ka iya tsayawa da tsoronka ka ci gaba da duba abin da aka sa ka dubawa, ka saurari mutanen da za su taka abin da ka gina, ka kuma iya cewa a tsaya a lokacin da kowa ke sauri. Wannan ba a ba ni takardarsa ba, amma da shi nake cin abinci har yau.